Nauyin Wanda Ake Ɗagawa

Ku gyara zama, ku kawo kunnuwanku kusa, ga ta nan tafe gare ku. Sai dai wannan ba tatsuniya ba ce. A tsakar gidana aka yi ta, ina gani da idona.

Maigidana, wanda nake kira Malam, manomi ne a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi. Masara yake yi da auduga, daga baya ya ƙara da waken suya. Amma kafin furfura ta zo, ɗan kokawa ne. In kaka ta yi, aka kai amfani gida, sai ya ɗaura warkinsa da layunsa ya bi makaɗa gari-gari, yau Gozaki, jibi Dandume, har Matazu an san da shi. Ba dogo ba ne. Gajere ne, dunƙulalle kamar turmi. Abin da ake faɗa a kansa shi ne ba ya ɗaguwa. Ƙato zai rungumo ƙugunsa ya yi ta nishi har jijiyar wuyansa ta fito, Malam na nan dashe kamar ya yi saiwa. In ƙaton ya gaji, sai ya sa masa taɗiya.

Dokar fage kuwa guda ce, ba ta da reshe. Da zarar bayanka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kayar da kai. Wannan shi ne kaye. Ba gardama, ba a sake. Ka tashi ka kaɗe jikinka ka fita, makaɗi ya juya gangarsa wajen wani. Ni dai ban taɓa ji an ce an kayar da Malam ba, masu ƙinsa ma ba su faɗa ba. Da kansa ya rataye warkin, shekarar da na haifi ɗanmu na uku.

Kwanci tashi, muka tsufa. 'Ya'yanmu maza suka tafi kudu neman abinci, auta kuma, wadda ita kaɗai ce mace, aka kai ta Malumfashi. Muka rage mu biyu da awaki.

Wata damina, masara ta kai ƙugu, Malam ya fita da safe zai sa taki. Hantsi bai gama ɗagawa ba maƙwabtan gona suka same shi kwance rigingine a tsakanin kunyoyi, idonsa buɗe yana kallon sama, bakinsa ya karkace. A cikin a-kori-kura aka kai shi asibiti a Funtua. Suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Muka yi kwanaki can. Magana ta dawo, amma da nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Hannu da ƙafa ba su dawo ba.

Ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciya mai yi wa marasa lafiya gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ta ja ni gefe, ni da auta. Ta ce, "Mama, jijiya kamar icce ce, tun tana ɗanya ake tanƙwara ta. Kullum ku ɗaga shi ya taka ƙafar nan, ko da na ɗan lokaci ne. In ya yi ƙoƙari a watannin farko, zai iya tafiya da sanda. In aka bari suka wuce, gwiwar za ta ƙage, ba yadda za mu yi."

Na riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe ƙwai.

Da muka koma gida muka shimfiɗa masa tabarma da katifa a rumfar tsakar gida, don ya riƙa shan iska. Washegari na ce, "Malam, bismilla, a tashi a taka."

Bai dube ni ba. Ya ce, "An kayar da ni."

Na ce, "Wa ya kayar da kai? Ciwo ne, daga Allah."

Ya ce, "To ai shi ne babban kaye. Bayana ya taɓa ƙasa, mutane sun gani. Wanda aka kayar ba ya cewa a sake."

Muka gwada duk da haka. Ni ta hagu, auta ta dama, muka rungumo ƙugunsa muka yi sama. Wallahi kamar buhun jiƙaƙƙiyar masara. Ko tsawon ɗan yatsa bai bar ƙasa ba. Muka sake da yamma, muka sake washegari. Auta ta yi kuka, ta yi lallashi, ta kira shi da duk sunayen da take kiran sa tana ƙarama. Daga baya dole ta koma ɗakinta, tana da goyo. Sai ni kaɗai, da maƙwabcinmu da ke shigowa ya taya ni in za a yi masa wanka. Malam ya juya fuskarsa ga bango. Kalmominsa na yini ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: ruwa, buta, ya isa.

Ana nan, ana nan, wata Lahadi da azahar sai na ji ƙarar babur a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Matar yaya, giwar na ciki, ko ta tafi kiwo?"

Na ce, "Tana ciki, ɗan Bayarabe. In ka zo da goro ka shigo, in ba ka zo da shi ba ka koma."

Wannan mutum mai gyaran rediyo ne a Funtua. A nan aka haife shi, ubansa ya zo daga ƙasar Yarabawa yana sayar da atamfa. Kirista ne, Hausa kuwa ta fi zama a bakinsa fiye da tawa. Tun suna samari yake bin Malam fage yana riƙe masa riga, shi ya sa yake ce masa yaya, ni kuma matar yaya. Gidanmu ba shi da shamaki da shi. Shi ma lokacin ya yi furfura, gilashinsa ɗaure da zare.

Ya zauna kusa da katifar, ya yi gaisuwa, Malam bai amsa ba. Bai damu ba. Ya ciro wata waya mai faɗi ya jingina ta da buta.

Ya ce, "Yaya, shari'a na kawo maka. Ka san resilin, kokawar nan ta Turawa da nake kallo tun zamanin akwatin talabijin mai baƙi da fari? To muna da majalisa a cikin wayar nan, mutane daga ƙasashe barkatai. In an yi kokawa, kowa ya rubuta yadda ya gan ta, ya ba ta taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Kwana uku muna gardama a kan wata. Na ce musu ku dakata, ina da yaya wanda ya san kokawa tun ba a haifi ubanninku ba."

Ya taɓa wayar. Sai ga wasu ƙarti biyu a cikin fage mai igiyoyi, jiki ya sha mai, ba komai a jikinsu sai ɗan kamfai. Na ce a'uzubillahi, na koma bakin murhu, amma ina leƙe. Ba a jima ba ɗaya ya sunkuci ɗaya ya maka shi da ƙasa, tim!

Sai na ji muryar Malam. "An gama. Kashe abinka."

"Yaya, ai yanzu aka fara."

"Bayansa ya taɓa ƙasa."

"A wurinsu wannan ba kaye ba ne. Sai an danne kafaɗunsa biyu, alƙali ya bugi ƙasa sau uku bai motsa ba."

Malam ya juyo da kansa gaba ɗaya, abin da ya yi makonni bai yi ba. Ya ce, "Sau uku? Jiran sa ake yi? To wannan kokawa ce ko jinya?"

Mai rediyo ya yi dariya har gilashinsa ya zame. Ni kuwa muciya ta tsaya a hannuna. A cikin wayar, alƙali ya bugi ƙasa sau ɗaya, sau biyu, sai na ƙasan ya zabura ya tashi. Aka sake maka shi, ya sake tashi. Na ƙirga, sau bakwai bayansa na taɓa ƙasa. A ƙarshe shi aka ɗaga wa hannu. Na ce a raina, ashe akwai ƙasar da faɗuwa ba kaye ba ce.

"To yaya, taurari nawa?"

Malam ya ce, "Ni ban san taurari ba, ba a cin su. A zamaninmu in ka burge mutane, damin dawa ake ba ka. Ka rubuta dami ɗaya. Shi ma don wahalar alƙalin ne, ya fi su aiki."

Daga ranar ya zama kowace Lahadi, in mai rediyo ya taso daga coci, sai ya hau babur ya taho da sabuwar kokawa. Malam ya kalla, ya yanke hukunci, shi kuma ya juya da Turanci ya aika majalisa. Mako mai zuwa ya karanto masa abin da suka ce.

Na Amurka ba su cika samun alheri wurinsa ba. Ya ce, "Waɗannan bakinsu ya fi damtsensu ƙarfi. Mutum ya riƙe abin magana yana yi wa kansa kirari har tuwo ya huce. A wurinmu makaɗi ke faɗin ko kai wane ne. In da bakinka ka faɗa, ba ka kai ba. Dami biyu, na biyun don man da suka shafa."

Aka kawo na Meziko, masu rufe fuska da wani ƙyalle mai ado. Ya ce tsallensu kamar birai sun shiga gonar gyaɗa. Ya ce, "Ƙafarsu dai na da hankali, ba zan ɓoye ba. Amma mutum ya rufe fuska, in ya yi kaye ta yaya za a san uwarsa a je yi mata barka? Dami uku." Da mako ya zagayo, mai rediyo ya zo yana murmushi. Wai wani mutumin can ƙasar ya rubuto, ya ce a gaya wa tsoho ƙyallen nan shi ne mutuncin ɗan kokawa a wurinsu, kuma shi yana da kawu da ya yi sana'ar, uwarsa ce ta ɗinka masa na farko da hannunta.

Malam ya ce, "In uwarsa ce ta ɗinka, na janye. A ƙara musu dami."

Na Japan ya fi girmamawa. Ya ce suna da ladabi, 'yan kallonsu ma shiru kamar ana wa'azi, sai abin ya kai abin sannan su tafa. Akwai wani mai furfura a cikinsu da ake ta dukan ƙirjinsa har ya yi ja, ba ya ja da baya. Malam ya sa aka maimaita masa wannan sau uku. Wata mata daga Ingila kuma ta tambaya wai mene ne dami. Ya ce, "Ka gaya mata shi ne abin da ke sa mace ta yi ta yi wa mijinta dariya har bazara."

Na ce daga bakin murhu, "Ƙarya ne, kada ka rubuta. Ni ban ga dami ba, makaɗa ke kwashewa."

Sau ɗaya ne abin ya yi tsami. Mai rediyo ya kawo ta Senigal, yana ganin zai burge shi. Ga rairayi, ga layu a damtse, ga kiɗa, ga mata na guɗa. Aka kama, aka yi ta murzawa, ɗaya ya faɗi, shi ke nan fage ya tashi. Faɗuwa ɗaya. Sai na ga hawaye na bin kuncin Malam na hagu.

"Yaya, dami nawa?"

Ya ce, "Waɗannan namu ne. Ba a auna na gida. Kada ka sake kawo ta."

Ban da wannan rana, Lahadi ta zama sallarmu. Tun Asabar Malam zai ce a kira wanzami, a wanke masa farar hula. Yana cin abinci. Wani lokaci ina daka sai in ji shi yana gardama shi kaɗai da mutumin Meziko. Amma tashi, a'a. Duk sanda na rungumo ƙugunsa, nauyin nan na nan. Nakan ce, "Malam, ka ga na Japan ɗin nan, ya kusa kai ka shekaru, sau nawa ya tashi?" Sai ya ce, "Na gani." Ba ya ƙarawa.

Wata Lahadi na raka mai rediyo zaure. Yana ƙoƙarin tayar da babur na ce, "Wai ni kam, mutanen nan da wane asiri suke? A maka mutum da ƙasa haka, ya tashi kamar ba shi ba. In magani ne ka samo mana."

Ya cire ƙafarsa daga kan babur. Ya dubi hanyar cikin gida, ya rage murya. Ya ce, "Matar yaya, ba asiri. Shiri ne, kamar wasan kwaikwayo. Tun kafin su shigo an san wanda zai ci. Ciwon suna ji, har karyewa suna yi, amma tashin nan da kike gani an riga an tsara shi. Duk 'yan majalisarmu sun sani. Iya shirin muke ba taurari."

Na dafa bango. Ashe igiyar da na riƙe ba a ɗaure take da komai ba. Na ce, "Don girman Allah kada ka gaya masa. In ya ji, ko Lahadin ma mun rasa ta."

Ya ce, "Ni? Ko a coci aka tsare ni da tambaya ba zan faɗa ba."

Haka muka rufe. Na ci gaba da zama bakin murhu ina cewa kai, ka ga ya tashi, ina jin ɗacin ƙarya a harshena. Masara ta yi goyo, ta bushe, maƙwabta suka taru suka karya mana. Auduga ta fashe. Kullum in na shafa masa man zafi ina jin gwiwar nan tana ƙara tauri a hannuna, ta ƙi miƙewa sosai. Ina tuna maganar matar asibiti, ba ni da wanda zan gaya wa.

Ran nan da hantsi maƙwabcinmu ya tafi kasuwa, ga Malam na bukatar a mayar da shi kan kujera. Na ce bari in yi ni kaɗai. Na durƙusa na zagaye ƙugunsa da hannuwana, na yi bismilla na yunƙura. Sai na ji wani abu ya ce ƙas a bayana. Muka zube tare, shi a katifa, ni a ƙasa, buta ta kife a kaina.

Shekara hamsin da wani abu muna tare ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar na ɗaga. Ina kwance ina kuka na ce, "Malam, kashe ni za ka yi? Ka rame, ƙashi da fata, amma nauyi kamar dutse. Kana kallon mutane ana maka su da ƙasa sau bakwai suna tashi, kai sau ɗaya tak, ka ce an gama. To ni ma an gama da ni."

Ya bar ni har kukan ya lafa. Sannan ya ce, a hankali, da nauyin bakin nan nasa, "Ke ma ai kin san shiri ne."

Na ɗago kai.

"Tun ranar da kika raka ɗan Bayarabe zaure kika dawo da wata fuska."

Na ce, "Kai wa ya gaya maka?"

"Wa zai gaya mini? Shekara nawa na yi ina ɗaga maza? Namiji ba ya ɗaguwa haka kamar ƙunshin auduga. Ki dubi hannun wanda ake ɗagawa, za ki gan shi dafe da cinyar mai ɗaga shi. Ki dubi ƙafarsa, tunkuɗa ƙasa yake yi. Shi ke ɗaga kansa, ɗayan rakiya yake masa. Tun ranar farko na gani."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Na ji kin koma waƙa a bakin turmi. Ga ɗan Bayarabe na ƙona mai tun daga Funtua. In ce muku me? Kuma ba ƙaramin abu ba ne, ka ba mutum wuyanka ka yarda ba zai karya ba. Damin da nake ba su na wannan ne."

Na ja jiki na zauna, bayana na zugi. Na ce, "To in ka san wanda ake ɗagawa shi ke taimakon mai ɗaga shi, ni me na yi maka?"

Akuya ta zo ta shinshina ruwan da ya zube, ta wuce.

Ya ce, "Da farko zuciya ce, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma an daɗe da na so in tashi. Tun masara ba ta yi goyo ba nake so. Sai dai da zarar hannu ya zagaye ƙuguna, jikin nan sai ya turje. Tun ina ɗan yaro aka koya masa, in an kama ka, sauke nauyinka ƙasa. Rabin da ya mutu ya manta komai, rabin da ya rage bai manta wannan ba. Ina ce masa saki, ba ya ji. Ku kuma kullum ta ƙugu kuke kama ni, ke da auta da maƙwabci. Kamun kokawa kuke yi mini."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In ce matata ta kama ni na turje mata? Da wane baki?"

Ban iya jiran Lahadi ba. Na aika aka kira mai rediyo a waya, washegari ya rufe shagonsa ya taho. Na gaya masa komai a gaban Malam. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Yaya, wato watanni kana kallon mu muna yi maka wasan kwaikwayo?"

Malam ya ce, "Ba ku iya ba. Ko rabin dami ba ku ci ba."

Mai rediyo ya durƙusa a gabansa. Ya ce, "To yau kai za ka yi. Ba wanda zai taɓa ƙugunka. Ga kafaɗata, ɗora hannunka mai lafiya. Matar yaya, ke tallafi gwiwar hannunsa ta dama kawai, kada ki ja. Yaya, dasa ƙafar hagu. Zan ƙirga, in na ce uku ka tunkuɗa ƙasa, ni rakiya zan yi maka."

Na farko bai yi ba. Na biyu ya ɗago ya koma. A na uku sai na ji nauyin da na sani watanni ya bar hannuna, kamar an sauke mini tulu. Malam ya miƙe. Yana rawa kamar kara a iska, amma a tsaye yake. Kansa ya wuce dangar gida, ya hango bayan gari, gonaki sun zama fili, sai tushiyar kara.

Ya ce, "Ashe har an kwashe."

Mai rediyo na kuka yana dariya. "Yaya, ka ga? Ka ga? Bari in gaya wa majalisa!"

"Rufe mini baki ka riƙe ni."

Ni kuwa ƙafar dama nake kallo. Gwiwar a lanƙwashe take, diddigen bai kai ƙasa ba. Yatsu kaɗai ke taɓawa.

Auta ta zo muka mayar da shi asibiti. Matar nan ta gane mu. Ta kama ƙafar ta miƙa a hankali, ta kai wani wuri ta tsaya, ta sake gwadawa. Malam ya cije leɓe. Ba ta yi mana faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Baba ya yi ƙoƙari. Tsayuwa zai riƙa yi in an taimaka masa, ku ci gaba, tana da amfani. Amma jijiyar ta riga ta ƙage. Tafiya kam, sai wani ikon Allah."

Muka kamo hanyar gida, muka wuce masu sayar da rake a bakin titi.

Malam bai sake taka ƙasa da ƙafa biyu ba. Ko taku ɗaya bai yi ba. Abin da ya samu shi ne tsayuwa. Kullum da azahar zan ba shi kafaɗata, ya tashi ya jingina da ginshiƙin rumfa, ya yi kabbarar farko a tsaye, sannan ya zauna ya ƙarasa sallarsa. Ya ce wannan ma ba kaɗan ba ne. Na yarda ba kaɗan ba ne. Amma ni na san abin da matar nan ta ce tun farko, da sanda, da tafiya. Na san kuma inda watannin suka tafi. Shi yana yi mini kara kada ya kashe mini murna, ni ina yi masa kara kada in kashe masa Lahadi, kunya kuma ta rufe masa baki a kan abin da jimla ɗaya ta isa ta warware. An ce kara mutunci ce. Tamu ta cinye ƙafa guda. Da sau ɗaya na ce masa, Malam, ta ina zan kama ka? Ban tambaya ba. Yadda na ga ana ɗaga buhu haka na yi ta ɗaga shi.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban ɗora masa ba. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Malam ya rasu farkon daminar da ta biyo, ciwon ya sake bugun sa yana zaune bayan sallar azahar, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mai rediyo ya bi gawar har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama. Ya sanar da 'yan majalisa, ya ce da yawa sun rubuto ta'aziyya, ya so ya karanta mini, na ce ya bari. Daga baya yanar ido ta rufe masa gani, 'ya'yansa suka zo suka rufe shagon suka tafi da shi ƙasar iyayensa, inda bai taɓa zama ba. Yakan kira wayar auta da salla. Ya ce can dariyar Yarabancinsa suke yi, wai Bahaushe ya zo.

Auta ta ƙara haihuwa biyu, tana nan lafiya da mijinta. Mazan suna can kudu, suna zuwa shekara-shekara.

Ni kuma bayana bai sake miƙewa daidai ba tun ranar da ya ce ƙas. Da na fita takaba auta ta ɗauko ni, ina Malumfashi a ɗakin da suka ba ni. Gidan can an rufe shi, awakin an sayar. Gonar maƙwabcinmu ke noma ta. An ce bana waken suya ya sa. Ban je na gani ba.